Wuƙar Hannu ta Mutanen Gabas

Ranar hawan salla takobi ne ɗan gata. Shi ake ratayawa a kafaɗa da hamila mai tuntaye, shi ake zarewa a ɗaga sama in an zo jahi gaban sarki, shi yara ke nunawa da yatsa. Ba mai tambayar ina wuƙar hannu take. Alhali a zamanin da ake yaƙin gaske tsakanin Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato, takobi kayan masu doki ne da masu hali, ita kuwa wuƙa tana hannun barde, tana hannun ɗan baka, tana hannun falke, har da manomin da ke fita gona da asuba yana waige-waige. A ganina, wanda ke son karanta tarihin Wurno da Rabah da Goronyo a jikin ƙarfe, wuƙar ya kamata ya fara dubawa kafin takobin.

Dalilina kuwa, yawancin takubban da ake tinƙaho da su baƙi ne. Bature Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, da ya zauna Kano a 1851 ya ƙiyasta cewa ruwan takobi wajen 50,000 ke shigowa birnin duk shekara, akasarinsu ƙirar Solingen ta ƙasar Jamus, raƙuma na ɗauko su ta Sahara. A Kano ake sa musu mariƙi, dukawa su ɗinka kube, sannan su bazu cikin ƙasa. Har tambarin maƙeran Turai na jikinsu, irin fuskar watan nan biyu da ake gani kusa da mariƙi, kuma da maƙeranmu suka lura masu saye na son tambarin sai su ma suka riƙa buga shi a nasu. Ita wuƙar hannu ba wanda zai wahalar da raƙumi ya ketare hamada da ita. Tun daga tamar da aka haƙo har zuwa fatar kubenta, aikin gida ce, sai dai in wani takobi ne ya karye aka rage shi ya koma wuƙa, wanda shi ma yakan faru.

Sai mutum ya san irin zaman da aka yi a wannan yanki zai gane abin da ya sa kowa ke kwana da ƙarfe a damtse. An ci Alƙalawa, birnin Gobirawa, a 1808, amma cin birni daban, cin mutanensa daban. Gobirawa ba su miƙa wuya ba, Katsinawan da suka ƙi sabuwar daular Sakkwato sun kafu a Maraɗi, Abzinawa kuma yau suna nan gobe suna can. Duk waɗannan ta arewa da gabas suke ɓullo wa Sakkwato, wato ta kan garuruwanmu. Shi ya sa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello bai zauna cikin birni ya naɗe hannu ba. Ya yi sansani a Magariya, inda Bature Kilafatan ya same shi, daga baya ya gina Wurno ta zama ribaɗi, ya tare a can. A 1836 ya ja runduna ya gamu da taron Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa a Gawakuke, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda. Shekara ɗaya bayan haka, a 1837, Allah ya yi masa rasuwa a Wurno, kuma can hubbarensa yake. Ɗansa Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, shi ma Wurno ya riƙe, don kuwa Gawakuke ba ta kashe wutar ba. Gobirawa sun sake haɗuwa a Tsibiri, hare-hare suka ci gaba.

Ribaɗi kuwa ba ganuwa da mayaƙa kawai ba ne. Bello ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje littafin Usulus Siyasa, a ciki ya ja hankalinsa cewa aikin shugaba ne ya kula da masu sana'a, maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa, ya tabbata kowane gari na da nasa. Abin da ya faɗa wa wani shi ya yi a gida. Garin da ke bakin daga in ba maƙeri a cikinsa, rana ɗaya za a wayi gari ba kan kibiya, ba linzami, ba ma fartanyar da za a noma abincin mayaƙan.

A 1853 Barth ya nufo Wurno wurin Aliyu Babba, kuma kafin ya iso sai da ayarinsu ya ratsa dajin Gundumi, yini da kwana suna tafiya ba tsayawa don tsoron mahara. Duk mutumin gabashin Sakkwato da ya ji wannan suna yau sai gabansa ya faɗi, don dajin nan dai shi ne, hanyar da ta tashi daga Marnona ta nufi Isa ta cikinsa ta bi. Falken da zai ratsa irin wannan wuri da jakuna, hannu ɗaya na kan kaya ɗaya na riƙe da sanda, makamin da ya dace da shi shi ne wanda ba ya bukatar a riƙe shi, ba ya kuma faɗuwa in an ruga.

Haka aka tsara ta. Kuben na da zoben fata mai kauri wanda ake zura hannun hagu ciki. Wasu kan tura shi sama da gwiwar hannu, wasu kuma, musamman masu bin yayin Abzinawa, su bar shi a wuyan hannu, mariƙin na wajen tafi, tsinin na kallon gwiwa, hannun riga ya rufe komai. Hannun dama na kaiwa gare ta cikin ƙiftawar ido. Barde yakan fara da mashi, in mashi ya tafi ya zare takobi, in doki ya faɗi aka haɗa ƙirji sai wuƙa. Wanda duk ya kai ga zare ta a fagen fama, to abubuwa sun riga sun ɓaci, shi ya sa ba a cika jin ta a bakin mawaƙa ba.

Akwai ɗaya a gidan kakannina na wajen uwa, a wani ƙauye tsakanin Wurno da Achida. Cikin tsohuwar adaka take, an naɗe ta da ƙyallen saƙi tare da wata yagaggiyar takardar Ishiriniya. Ina yaro na taɓa ciro ta ina neman abin fere rake, kawuna ya kama wuyan hannuna a hankali ya ce, “Kai ɗana, wagga ba ta yankan albasa ba ta. Mai da ta inda kas same ta.” Sai da na girma ya yarda na riƙe ta a gabansa. Tsawon ruwanta taƙi ɗaya da ɗan ɗori. Baki biyu gare ta, da doro a tsakiya wanda ya tafi har tsini, kuma in ka juya ta a hasken rana za ka ga wasu siraran layuka baƙaƙe sun bi tsawonta. Gefe ɗaya ya fi ɗaya cinyewa, alamar mai ita yana da hannun da ya saba wasa ta da shi. Mariƙin itace ne aka lulluɓe da fata, ƙarshensa da ɗan ƙarfe mai faɗi wanda gumi ya mayar sumul. Kuben ja ne a da, yanzu ya yi duhu, sai a lungun ɗinki za ka ga asalin launin. Kusa da bakinsa akwai ɗan kumburi mai kusurwa huɗu, laya ce aka ɗinke ciki, ba wanda ya taɓa farke ta, ni ma ba zan fara ba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne zoben. Hannuna ba ya shiga. Na gwada, ya tsaya a tafi. Mai ita siririn mutum ne, ko kuma mu ne shinkafar fadama ta buɗa. Labarin gida ya ce ta kakan kawun ce, wanda ya yi bin ayari zuwa Zamfara, ya kuma ga zuwan Turawa yana dattijo. Wannan shi ne abin da ake faɗa, haka kuma nake ba da shi.

Wata rana na ɗauke ta, da izinin kawu, zuwa wurin wani tsohon maƙeri a Wurno wanda ido ya fara yi wa nauyi, jikokinsa ke bugu shi yana zaune bakin rumfa yana gyara musu. Na gaishe shi, na ce, “Baba, wata tsohuwa na kawo ka duba mini.” Bai kalle ta sosai ba. Ya shafa ta da babban yatsa daga gindi zuwa tsini, ya riƙe ta da yatsu biyu ya ƙwanƙwasa da awartaki, ya kasa kunne. Ya ce, “Malam, wanga ƙarhen tama na. Ƙarhen mota ba ya wanga amo.” Ya ce layukan nan da nake gani ragowar kashin tama ne da bai gama fita ba, wanda masaba ta miƙar da shi lokacin da ake ninke ƙarfen ana sake bugu. Ƙarfen kanti ba shi da su, don injin ya tace shi tas.

Daga nan bakinsa ya buɗe. Shi kansa bai tarar ana narka tama ba, amma ya ji daga mahaifinsa. Da rani ake yi, bayan an kawar da amfanin gona. A haƙo dutsen tama a farfasa, a sari ƙirya a ƙona gawayi, don gawayinta ya fi kowane riƙe wuta, a gina murhun yumɓu a jera tama da gawayi hawa-hawa, a yi ta ba wuta iska har ƙarfe ya taru a ƙasa ya zama dunƙule. Wannan dunƙulen ake sara a raba, maƙeran baƙi su kai maƙera. Kafin ya zama abin yanka sai an sha zuga-zugi, an sha masaba a kan uwar maƙera, an ninke an sake ninkewa. Saboda wannan wahala ƙarfe ke da daraja, ba a yar da ko guntu. Tsohuwar fartanya ta zama lauje, lauje ya zama wuƙa, wuƙa in ta cinye ta zama basilla. Wuƙar da ta tsira daga wannan juyi har ta iso gare mu, wani ne ya hana a narka ta da gangan.

Ya ce ta kasuwa daban, ta saƙo daban. Mai son tasa yakan zo da kansa ya zauna, maƙeri ya auna damtsensa daga wuyan hannu zuwa gwiwa da karan dawa, ya karya karan daidai nan, don kada tsini ya soke shi in ya lanƙwasa hannu. Ya duba faɗin tafinsa saboda mariƙi. In an gama sai a wuce wurin baduku, shi ma ya auna kaurin hannun ya yanka zobe. Fatar kuwa ta jar akuyar Sakkwato ce, wadda majema ke jemewa da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi, a ja mata baƙin zane da kuloko. Irin fatar nan ce ke ketare Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, don ta can take isa gare su. Mai hali yakan ƙara da maƙerin fari ya sa masa tagulla ko azurfa a bakin kube. Tamu ba ta da ko ɗaya, ta talaka ce, kuma na fi son ta a haka.

Da na ce masa siffar ai ta Buzaye ce, sai ya yi dariya har da tari, ya ce Buzu ya iya ɗaurawa amma wa ya ƙera masa. Maƙera da Buzaye abokan wasa ne tun fil azal, ba a shiga tsakaninsu. Gaskiyar magana dai, ɗaura wuƙa a hannu al'ada ce da ta game Abzin da ƙasar Hausa da Barno har zuwa Sudan, kowa da irin mariƙinsa. Ta Abzinawa an fi saninta da mariƙi mai kama da gicciye.

Ranar 15 ga Maris 1903 aka yi karon Giginya da Turawa a bayan ganuwar Sakkwato. Dawaki da masu da takubba suka fuskanci bindiga mai ruwa da igwa, kafin rana ta take an watse. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas har Burmi, inda ya yi shahada a watan Yuli na shekarar. Waziri Buhari ya tsaya a Marnona, nan ƙasar Wurno, da jama'ar da ta rasa inda za ta sa kanta, ya yi shawara da malamai, sannan ya koma birni. Bayan shekara uku Satiru ta tashi da gatura da fartanyu, aka shafe garin. Daga nan makaman gargajiya suka rabu gida biyu. Takobi ya samu sabon aiki, ya zama ado na hawa da naɗin sarauta. Dubi Ahmadu Bello, wanda aka haifa a Rabah, jikan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah: ya zama hakimin garin a 1934, aka naɗa shi Sardauna a 1938, sarautar da asalinta ta fagen daga ce, shi kuwa yaƙinsa da alƙalami da lasifika ya yi shi. Wuƙar hannu ba ta samu irin wannan mafaka ba. Ta koma hannun mafarauta da makiyaya da fatake, ta sauran kuma ta shiga adaka.

Abin da ya kashe tama kuwa jirgin ƙasa ne da mota. Dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ƙarfen Turai ya cika kasuwa da araha. Wa zai kwana gaban murhu alhali ga sifirin ɗin tsohuwar mota a bola, wanda ma ya fi riƙe kaifi? Ban ga laifin maƙera ba ko kaɗan, ciki ba ya jiran tarihi. Amma sakamakon shi ne duk wuƙar tama da ta rage a gidajenmu ba za a sake yin irinta ba.

A Turai da Amurka akwai mutanen da tara tsofaffin wuƙaƙen yaƙi shi ne abin sha'awarsu. Suna bin irin ta Fairbairn da Sykes wadda kamfanin Wilkinson ya fara ƙera wa sojan Ingila a 1941, da waɗanda wani maƙeri mai suna Bo Randall ya riƙa yi da hannu a Fulorida, sojoji na aiko masa da wasiƙa daga fagen Yaƙin Duniya na Biyu kowa na neman tasa. Abin da ke ɗaga kuɗin irin waɗannan shi ne a san wanda ya ƙera, da wanda ya riƙe, da inda ya je da ita. In an goge ta ta yi ƙyalli, ko an canza mata kube, darajarta faɗuwa take. Mu namu maƙeran ba su buga suna a ƙarfe ba. Sunan na bakin tsofaffi, kuma ranar da aka kai tsohon makwanci wuƙar ta zama marainiya. Akwai wuƙaƙen hannu na ƙasar Hausa a gidajen tarihi na Ingila, da yawansu takardar da ke jikinsu ba ta wuce sunan yanki da sunan Baturen da ya kawo ba.

Dillalai sun daɗe da gano wannan kasuwa. Wani ya taɓa zuwa ƙauyenmu da babur yana tambayar tsofaffin kaya, ya taya wa kawu wuƙar kuɗin da bai kai na tunkiya ba, da aka hana shi sai ya ce ai ma tsatsa ta cinye ta. Kawu ya ce to tunda ta lalace me zai yi da ita, ya sallame shi da ruwan sha. Mutane da yawa ba su san cewa dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta sa kayan hannu irin waɗannan da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi ba, ta kuma hana fitar da su waje ba da izini ba, har cinikinsu ta taƙaita ga waɗanda hukuma ta amince wa. Su dillalan sun sani sarai.

Yanzu kuma wata sabuwar barazana ta zo. Tun da 'yan bindiga suka addabi gabashin Sakkwato, aka yi kisan Tabanni a ƙasar Rabah a 2018, aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo ranar Lahadi 17 ga Oktoba 2021 aka kashe fiye da mutum 40, duk wani ƙarfe mai kaifi ya koma ko dai abin nema ko abin tsoro. Na ji gidajen da samari suka ciro ta kakanni suka kai wa mai injin wasa wuƙa, cikin minti kaɗan dutse ya cinye doron da layukan da komai. Na ji kuma waɗanda suka jefa tasu masai don gudun kada a zo bincike a ce musu wani abu. Ba na zargin wanda aka kashe wa uba don ya nemi abin kare kai, wanda bai kwana a daji da 'ya'yansa ba bai isa ya yi masa wa'azi ba. Sai dai a faɗi gaskiya, wuƙar da ta kasa tare bindiga a Giginya ba za ta tare ta yanzu ba. Asara biyu ake yi, ba a samu tsaro ba, an kuma rasa abin gado. Ga kuma iyalan da suka yi gudun hijira zuwa Gandi da cikin garin Rabah da Sakkwato, waɗanda suka bar adakokinsu a ɗakunan da aka cinna wa wuta.

Riƙon irin wannan kaya ba shi da wuya. Kada a kai ta inji, kada a goge ta da yashi ko toka. Ɗigon man keken ɗinki a tsumma ya isa ruwanta, a shafa kafin damina da bayanta. Kube ko ya yage a bar shi, in ma za a yi sabo don ajiya to a adana tsohon tare da shi. A ɗaga adakar daga ƙasa saboda gara da laima, kada kuma a ƙulle ta cikin leda, gumi take yi. Wanda ya ga ba zai iya riƙewa ba, ko yana zaune inda ba a da tabbacin kwana, ya tuntuɓi Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato kafin ya saurari mai babur.

Abin da ya fi man da tsumman muhimmanci shi ne takarda. Kai da ke da irin wannan a gidanku, a Wurno kake ko Rabah ko Goronyo, ka je wurin wanda ya fi kowa tsufa a zuriyarku tun yana iya magana. Ka tambaye shi ta wace ce, wane gari aka ƙera ta, gidan waɗanne maƙera, ina mai ita ya je da ita. Ka rubuta da boko ko da ajami, ka sa kwanan wata, ka ɗauki hotonta da waya, sannan ka naɗe takardar tare da ita.